Me ya sa tawagar kowa a fadarmu iri ɗaya ce a Pokémon?

Tambaya: Wani matashi daga unguwar Zango a Damagaram ya ce su biyar ne ke buga Pokémon Emerald a waya, a fadarsu. Da suka kwatanta tawagoginsu bayan lamba ta shida, cikin takwas da ake samu idan an doke shugabannin gidajen gasa, sai suka tarar kusan duk ɗaya ne: Swampert ko Blaziken, Swellow, Gardevoir, Manectric, sai Linoone mai ɗaukar kaya. Yana tambaya: tunda an ce halittun sun wuce dubu, wasan ne ya yi rowa ko su ne ba su iya ba? Kuma yaya zai haɗa tawaga dabam wadda ba za ta sha kashi ba?

Amsa: Ƙanena, ba kwafar juna kuka yi ba. Hanya ɗaya kuka bi, ita ce kuma ta zaɓa muku. Abin da ke gina tawaga shi ne abin da wasa ya sa a hannunka kafin lamba ta uku ko ta huɗu, da irin wahalar da za ka sha kafin ya yi amfani. Yawan da aka rubuta a kundi bai cika shiga lissafin ba.

Yau halittun Pokémon 1025 ne, gaskiya ne. Amma Emerald ya fito a Japan a 2004, kuma 386 kawai ya sani. A cikinsu kundin yankin Hoenn ya ɗauki 202, sannan bakwai ba sa fitowa a Emerald ko kaɗan: Surskit, Masquerain, Meditite, Medicham, Roselia, Zangoose da Lunatone. Ka cire manyan almara da sai can ƙarshe, ka cire zuriyar biyun da ba ka zaɓa ba cikin ukun da wasan ke miƙa maka a farko, ka cire masu buƙatar musaya, ka kuma tuna cewa Ralts, Kirlia da Gardevoir suna uku ne a kundi amma halitta ɗaya ce mai rikiɗa, kujera ɗaya suke cikewa. Abin da ya rage bai kai yadda ake zato ba. Idan bugun Faransanci ne a wayarka sunayen sun bambanta, Swampert shi ne Laggron, Ralts shi ne Tarsal, HM, wato dabarun buɗe hanya, kuma CS, amma hanyoyi da alƙaluma duk ɗaya ne.

Babban abin da ke rufe ƙofa shi ne lokaci. Taillow ɗin da ka kama a hanya ta 104 yana ta cin faɗa tun wasa bai yi nisa ba, a mataki na 22 ya zama Swellow. Trapinch kuwa ba ka ganinsa sai ka doke Flannery mai lamba ta huɗu, an ba ka tabaran shiga hamadar hanya ta 111. A lokacin tawagarka tana wajen mataki na 28 zuwa 30, shi kuma yana kusan na 20, ba shi da sauri, ba zai zama Vibrava ba sai 35, Flygon sai 45. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Mutum ya duba kujeru shida cike da waɗanda ya raina, ya duba baƙon da zai ci masa kwanaki, sai ya jefa shi akwati. Bagon ya fi wannan nisa: yana wani ɗaki a can cikin Meteor Falls da ba a shiga sai da HM ɗin Waterfall, wato bayan lamba ta takwas, kuma Salamence sai mataki na 50. Wasan ya ajiye shi ne ga mai sauran aiki bayan labari ya ƙare.

Na biyu, yawan fitowa. A wasannin wannan zamanin kowace ciyawa tana da gurbi 12, kuma rabonsu a ƙayyade yake: biyu masu kashi 20, huɗu masu 10, biyu masu 5, biyu masu 4, biyu masu 1. Ɗauki hanya ta 102 a Emerald. Poochyena da Wurmple kashi 30 kowanne, Lotad 20, Zigzagoon 15, Ralts 4, Seedot 1. Ga mai kashi 4, sai ka yi karo 17 kafin damar ganinsa ta kai rabi, kuma ko bayan karo 50, mutum 13 cikin 100 ba su gan shi ba tukuna. Mai kashi 1 yana son karo 69 kafin ya kai rabin. To me ya sa duk kuka sami Gardevoir duk da ƙarancinsa? Domin wasan ya sa Wally, wani yaro a cikin labarin, ya kama Ralts a gabanku a wannan ciyawar, kuka san yana nan, kuka tsaya nema. Seedot ba wanda ya nuna muku shi, sai kuka wuce. Da yawa daga abin da ake kira rashin zaɓi, rashin sanin inda za a tsaya ne.

Akwai dabarun rage yawon. Repel, maganin feshi na korar halittun daji, ba ya korar komai da komai, yana hana waɗanda matakinsu bai kai na wanda ke gaban tawagarka ba. Idan wanda kake nema yana fitowa a mataki mafi girma a wurin, ka sa mai wannan matakin a gaba, ka fesa, ƙananan duk za su ɗauke. Super Repel ya fi araha: 500 ne ga taku 200, na gama-gari 350 ga taku 100, Max Repel 700 ga taku 250. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin babban gwarzo a gaba, sai mutum ya yi ta zagaye ba abin da ya fito har maganin ya ƙare. A Emerald kuma aka fara sa baiwar wanda ke gaba ta yi tasiri a ciyawa: mai Static yana janyo na lantarki, mai Magnet Pull yana janyo na ƙarfe. Skarmory kashi 5 ne a hanya ta 113 mai toka, amma da Magnemite mai Magnet Pull a gaba ba za ka daɗe ba.

Feebas dabam ne, kuma ba na ba mai zagayen farko shawarar bin sa. A kogin hanya ta 119 gurbi shida ne kawai yake cin ƙugiya cikin ɗaruruwa, kuma guraben suna sauyawa idan kalmar yayi ta garin Dewford ta canza. Ko ka kama shi, sai ma'aunin kyawunsa ya kai 170 ta hanyar ba shi shuɗin Pokéblock, alewar da ake haɗawa da ƴaƴan itatuwa, kafin ya zama Milotic, kuma cikinsa yana da iyaka. Idan ka cika shi da marasa kyau ya ƙoshi bai kai ba, ba gyara, sai dai ka koma kogi.

Wani abu da ke damun masu bugawa a waya ba su sani ba shi ne agogo. Idan wasan ya buɗe da saƙon cewa batirin ciki ya ƙare, to agogon manhajar da kake bugawa da ita a kashe yake. Ƴaƴan itatuwa ba za su tsiro ba, ruwan kogon Shoal Cave zai tsaya a yadda yake, kuma Snorunt yana ɗakin ƙanƙara na can ƙasa da ba a kaiwa sai ruwa ya janye. Ka kunna agogon a saitin manhajar tun kafin ka fara sabon wasa. Ruwan yana janyewa daga ƙarfe 3 zuwa 9, safe da yamma, bisa agogon da ka saita a ɗakinka a farkon wasa. Idan ka saita shi daidai da lokacin Damagaram, daga la'asar har isha'i kogon a buɗe yake, daidai lokacin da ake ɗora shayi a fada.

Na uku, rikiɗa. Wasu mataki kawai suke so, wasu dutse, wasu musaya. Lotad yana samuwa tun farko, ya zama Lombre a 14, amma Ludicolo sai da dutsen ruwa, wanda ba ya zuwa hannu sai ka kai tekun gabas, inda mutumin gidan hanya ta 124 ke karɓar shuɗin ɓallin da ake tsinta ya ba ka dutsen. Tsakanin nan da can Lombre rauni ne da shi, shi ya sa ake yar da shi a hanya. Kadabra, Machoke da Graveler ba sa kaiwa siffarsu ta ƙarshe sai an yi musayarsu, Seadra kuma sai yana riƙe da Dragon Scale.

A nan ku kuna da abin da mai bugawa shi kaɗai ba shi da shi: ku biyar ne a tabarma ɗaya. Manhaja irin My Boy! tana haɗa waya biyu ta Bluetooth ko Wi-Fi kamar an jona igiyar Game Boy Advance, ba sai da rezo ko mega ba. Kowa ya yi ajiya a cikin wasan, ya kwafe fayil ɗin ajiyar ya adana a wani wuri, ku haɗa wayoyin, ku hau benen Pokémon Center, kowa da aƙalla biyu a tawaga. Ka ba shi Kadabra, ya zama Alakazam a hannunsa, ya maido maka. Abin da ke ɓata aikin: waya ta mutu ko kira ya shigo ana tsakar musaya, ko ɗayanku yana amfani da wasan da aka yi wa kwaskwarima, ko wani ya loda tsohuwar ajiyar gaggawa ta manhaja bayan an gama, ya koma lokacin da ba a yi musayar ba. Ku yi ta bayan an cika caji, tun ba a ɗauke kuran ba. Wanda aka ba ka ya zauna a hannunka yana samun ƙwarewa ninki ɗaya da rabi, amma yana ƙin bin umarni idan ya wuce abin da lambobinka suka ba ka iko: mataki na 10 idan ba ka kai lamba ta biyu ba, 30 da ta biyu, 50 da ta huɗu, 70 da ta shida. Naka da ya je ya dawo ba ya wannan taurin kai.

Sai kujerar da HM ke cinyewa, wato Linoone ɗinku. Takwas ne a Emerald: Cut, Fly, Surf, Strength, Flash, Rock Smash, Waterfall da Dive, kuma ba a goge su sai wurin mai goge dabaru a Lilycove. Ba duka ne nauyi ba. Surf yana da ƙarfi 95, ya cancanci zama a hannun kowane na ruwa. Strength da Waterfall 80 ne, Fly 70. Masu ɓata gurbi su ne Rock Smash mai 20, Cut mai 50, da Flash da ba ya bugun komai. Cut da Flash ana iya gama labarin ba tare da su ba. Don haka mai ɗaukar kaya ya zauna a akwati, a fito da shi ranar shiga kogo kawai. Tropius na hanya ta 119 yana iya koyon Cut, Fly, Strength, Flash da Rock Smash, Wailmer kuma Surf, Waterfall, Dive, Strength da Rock Smash, huɗu-huɗu a lokaci guda. Wannan kaɗai ya maido maka da kujera ɗaya cikin shida.

Ba Emerald kaɗai ke da wannan ba, kuma ba shi ya fi tsanani ba. A Diamond da Pearl na 2006 zuriyar wuta biyu ce kawai kafin ƙarshen labari, Chimchar da Ponyta, har Flint, gwanin wuta cikin manyan huɗun da ake karawa da su a gasar ƙarshe, ya cike tawagarsa da Steelix, Drifblim da Lopunny. Platinum ya faɗaɗa kundin daga 151 zuwa 210 a 2008. A Gold da Silver na 1999 an ɓoye sababbi irin Houndour, Murkrow da Slugma a Kanto, bayan gasar ƙarshe, Larvitar kuma a Mt. Silver, bayan lamba 16, ga shi Tyranitar sai mataki na 55. Black da White na 2010 sun hana tsofaffi fitowa har sai labari ya ƙare, suka bar ka da sababbi 156. X da Y na 2013 sun zuba sama da 450, Sun da Moon na 2016 suka kawar da HM gaba ɗaya. Ko Pokémon GO rabon yanki yake yi: Tauros na Amurka ta Arewa, Mr. Mime na Turai, Kangaskhan na Ostareliya, Tropius kuma rabon Afirka ne.

Yanzu ga haɗa taka tawagar. Ka fara daga ƙarshe, ka duba waɗanda za su tare ka. Sidney na duhu, Phoebe ta fatalwa, Glacia ta ƙanƙara, Drake na daragon, sai zakara Wallace na ruwa. Ba sai ka tara duk nau'i 17 ba. Dabarar da ta yi daidai da nau'in mai ita tana ƙaruwa ninki ɗaya da rabi, wadda ta dace da raunin abokin karawa ninki biyu, idan nau'insa biyu duka suna da raunin ninki huɗu. Altaria, Flygon da Salamence na Drake duk ninki huɗu suke sha da ƙanƙara, kuma Ice Beam, wato TM13 cikin na'urorin koya dabara, yana ɗakin ajiyar kaya na jirgin da aka yasar a hanya ta 108. Kusan kowane na ruwa yana koyonsa, don haka ba dole ne ka ware kujera ga na ƙanƙara ba. Wallace shi ne ke tona asirin tawagar da ta dogara ga Manectric kaɗai. Lantarki yana yi wa Gyarados ninki huɗu, amma ba ya taɓa Whiscash sam, sai tsiro. Ludicolo ɗinsa kuma ba ya jin tsoron lantarki ko tsiro, sai na tashi, na ƙwaro ko na dafi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan, domin shi ke sa mutane su gwada sabuwar halitta su ce ba ta da amfani. A Emerald nau'in dabara ne ke yanke ko da ƙarfin jiki za ta buga ko da ƙarfi na musamman. Wuta, ruwa, tsiro, lantarki, ƙanƙara, ƙwaƙwalwa, daragon da duhu duk na musamman ne. Gama-gari, dambe, tashi, ƙasa, dutse, ƙwaro, fatalwa, dafi da ƙarfe na jiki ne. Sai a Diamond da Pearl aka raba su dabara-dabara. Gyarados yana da ƙarfin jiki 125, na musamman 60, don haka Surf a hannunsa bai kai yadda jikinsa ya nuna ba, Return da Earthquake ne abincinsa. Breloom 130 da 60 ne: ka bar masa Mach Punch da sauran dabarun dambe, na tsiro kuma ka riƙe Leech Seed da masu sa barci ko shanyewar jiki. Absol na hanya ta 120 yana da ƙarfin jiki 130 amma dabarun duhu ba sa amfani da shi, sai ka ba shi Shadow Ball daga Mt. Pyre da Swords Dance. Kafin ka koya wa kowa komai, buɗe shafin bayaninsa ka ga wane adadi ya fi girma.

Granite Cave da ke Dewford, tun kafin lamba ta biyu, ya ishe ka canza rabin tawaga, kuma yawancin mutane wasiƙar da aka aike su kai wa Steven kawai suke kaiwa su fita. Makuhita yana nan, ya zama Hariyama a 24. Ka nemi mai baiwar Thick Fat, wuta da ƙanƙara rabi suke yi masa, sai ya yi maka aiki a wurin Flannery da Glacia, ga dambensa yana kayar da Magneton na Wattson mai lamba ta uku, da Norman mai ta biyar, da Sidney. A hawan ƙasa mai duhu akwai Sableye, duhu da fatalwa, wanda ba shi da rauni ko ɗaya a wannan zamanin. Ka laluba bango ka kamo shi ko ba Flash, ka kai shi gaban Brawly, gwanin dambe mai lamba ta biyu, ka ga naushi yana wucewa ta jikinsa ba ya taɓa shi. Aron yana nan, Aggron a 42, sai dai ka tsare shi daga dambe da ƙasa, ninki huɗu ne. Zubat da kowa ke gudu yana zama Golbat a 22, da shaƙuwa kuma ya zama Crobat mai tsananin sauri, ya ɗauki Fly ya maye gurbin Swellow. Ka ƙara Numel na hanya ta 112, Camerupt a 33, da Spheal na Shoal Cave ko Tentacool da ke ko'ina a teku. Idan ka kama Nincada a hanya ta 116, ka bar kujera ɗaya a buɗe ranar da zai kai mataki na 20, za ka sami Ninjask da Shedinja tare.

Ka bar kujera ta shida ba kowa har bayan Flannery, don baƙo ya sami wurin zama. Hanyar ɗaga shi: bayan ka kai wa Steven wasiƙa, koma Rustboro wurin Mr. Stone ya ba ka Exp. Share. Wanda ya riƙe shi yana samun rabin ƙwarewar kowane faɗa ko bai fito fili ba. Idan ka sa shi a gaba ka janye shi nan take ka kawo babba, ya sami rabin nan da kuma kasonsa na waɗanda suka fito. Ka riƙa barin masu horo na hanyoyin gefe ba ka doke su ba, su zama abincin sabon shiga, kuma PokéNav, na'urar da kake ɗauke da ita a wasan, yana nuna waɗanda suka shirya sake karawa. Gidan raino na hanya ta 117 yana ba da maki ɗaya a kowane taku, kuɗinsa 100 da ƙarin 100 a kowane mataki, amma yana goge dabarar da ke sama ya sa sabuwa ba shawara, kuma ba a rikiɗa a can. Kada ka kai masa wanda ka riga ka kashe wa TM.

A fada kuwa, abin da zan ce ku yi shi ne rabo. Kafin ku fara sabon zagaye, ku rubuta zuriyoyin Hoenn a takarda, ku jefa ƙuri'a, kowa ya ɗauki ɗaya bi da bi har sau shida. Abin da wani ya ɗauka ya haramta ga saura. Wanda ya zaɓa ƙarshe a zagaye na farko shi zai fara a na biyu, don kada mutum ɗaya ya kwashe na gaba-gaba. Zuriya 30 ke nan a tabarma ɗaya, ba biyu iri ɗaya. Ku sa sharaɗi kowa ya sami aƙalla biyu da ake kamawa kafin Dewford, da ɗaya mai koyon Surf, in ba haka ba wani zai maƙale a hanya. Tunda na farko uku ne ku kuma biyar, biyun da ba su samu ba su ajiye nasu a akwati da zarar sun kama na farkon rabonsu, a ba su damar zaɓar na bakwai a madadinsa. Masu ɗaukar HM ba sa shiga rabo, kowa ya kama nasa, amma ba a fito da su faɗa. Bayan kowace lamba biyu ku haɗa wayoyi ku kara da juna, a matakin babban gwarzon shugaban da kuka doke na ƙarshe.